Kujerar da Aka Tashe Ni a Kanta

Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, ya tashe ni daga kan kujera a ƙofar gidan ubanmu, a gaban surukina da limamin garinmu, don baƙonsa ya samu wurin zama. Wannan abu ba zan manta da shi ba har ranar da za a ɗauke ni a makara. An sha ce mini in bar zancen, wai ai kujera ce kawai. Duk mai faɗin haka, ba a taɓa ce masa ya tashi ba ne.

Garinmu yana tsakanin Bukkuyum da Gummi, ba sai na faɗi sunansa ba. Mu biyu ne maza a wurin Baba. Ni aka fara sa wa a makarantar boko, na kai aji huɗu, sai ciwon ƙafa ya kwantar da Baba aka rasa mai riƙe gona. Aka cire ni, aka bar ƙanena. Ni na yi ta noman gyaɗa da dawa, shi ya yi ta cin jarrabawa, har ya zama ma'aikacin gwamnati a Sakkwato, mai ofis da fanka da masinja. Ba ƙyashi nake yi ba. Na faɗa ne don a san da gumin wa aka sayo Turancin da aka zage ni da shi.

A ƙofar gidanmu akwai bishiyar durumi, a ƙarƙashinsa kuma akwai dakali. Baba ne ya gina shi da hannunsa tun ba a haife mu ba, dogo ne, ya bi jikin bango tun daga bakin zaure har kwana. Duk shekara in kaka ta yi mukan yaɓe shi, Inna ta sa a daɓe samansa da makuba har ya yi santsi. Nan ake hira, nan ake sasanta rigimar gona, nan Fulanin Gwashi kan sauke ƙwaryar nono su huta ranar kasuwa. Ban taɓa jin an ce dakalin nan ya cika ba. In mutum ya zo, sai a ce ku matsa, a matsa. In ya ƙi ɗauka, a shimfiɗa tabarma a gindinsa, yara su sauka, manya su hau. Baba yana da wurinsa a bakin zaure, inda bango ya yi baƙi saboda jingina. Da ya rasu, ba wanda ya ce mini komai, mutane dai suka riƙa barin wurin nan fili har na gane ni ake jira.

To, a farkon mulkin farar hula na wancan zamani, lokacin da kuɗin mai ke yawo a ƙasa kowane ma'aikaci ya ga kansa Bature, sai ga ƙanena ya zo da mota, da mata mai tsohon ciki, da wata kalanda a naɗe a hammata. Ya shimfiɗa mini ita a kan dakali. Hoton wani Bature ne da matarsa, suna zaune a kan fararen kujeru a tsakiyar ciyawa, ga tebur, ga laima, suna shan shayi.

Ya ce, "Yaya, ka ga yadda mutanen da suka waye ke zama. Haka nake so ƙofar gidan nan ta koma kafin ranar suna. Manyan mutane za su zo mini daga Sakkwato."

Na ce, "Wanga Bature ba shi da abokai ne? Daga shi sai matatai?"

Ya yi irin dariyar da ake yi wa wanda ya tsaya a aji huɗu. Ya ce za a rushe dakali, a share wurin, a shuka ciyawa. Ciyawa fa! Mu da muke ƙarar da damina a duƙe muna yaƙi da ita, ashe ba mu sani ba abin ado muke kashewa. Na ce dakalin Baba ba zai rushe ina numfashi ba. Bai yi musu ba, don wayo ne da shi tun yana yaro. Sai ya ce in dai raka shi Gusau mu ga kujerun, in ban ga abin da ya yi mini ba a bar maganar.

Muka kama hanya ta Anka. Ranar ce na fara zama a gaban mota, kuma ba zan ɓoye ba, na ɗora gwiwar hannu a taga yadda na ga direbobi na yi.

A Gusau muka fara da layin kafintoci. Na ga wani benci na maɗaci, mai kauri, wanda zai ɗauki dattawa biyar da rawunansu. Na dafa shi na ce ga abin zama. Ƙanena ya ce benci na 'yan tasha ne da masu jiran likita. Kafintan ya nuna mana kujerun kushin, na ce wannan ruwan farko zai mai da su katifar kwaɗi, in ma awakin Inna sun bar su sun kai damina. Muka ga na katako masu naɗewa, waɗanda ake ɗaura wa ƙyalle mutum ya kishingiɗa. Na gwada ɗaya, ta haɗiye ni, sai da mutum biyu suka ciro ni. Na ce dattijon da ya shiga wannan sai dai a yi masa sallar azahar a ciki. Wani ɗan kudu mai kanti ya fito da na gora, saƙaƙƙu, masu kyau ƙwarai. Na tambaye shi ko ya san garar ƙasarmu, wadda ke cinye ƙotar gatari a dare ɗaya in ka manta ta a ƙasa. Ya ce a Legas ba sa samun wannan matsala. Na ce to Allah Ya bar su a Legas.

Duk abin da na ce, ƙanena yana riƙe da kalandarsa yana gwadawa, kamar mai neman ɓatacciyar akuya. Sai can wajen masu walda ya tsaya cak. Ga su nan, kujerun ƙarfe, an shafe su da farin fenti, an lanƙwasa bayansu kamar reshen kabewa. Shida ne, da tebur mai rami a tsakiya inda ake soka laima. Na zauna a ɗaya, ƙarfen ya zana mini fure a baya.

Na ce, "Shida? Ranar Juma'a kaɗai mutum nawa ke zama ƙofar gidanmu?"

Ya ce, "Ai shi ya sa. Ba kowa da kowa ba."

Da na ji wannan magana ya kamata in nemi motar Gummi in koma gida. Amma sai ya kama hannuna ya kai ni gaban ta shidan. Ita ta fi sauran girma, tana da hannuwa masu faɗi da dogon baya, irin wadda alƙali zai zauna a kai. Ya ce da mai walda ya goge ta. Sannan ya dube ni, ido cikin ido, ya ce, "Wannan taka ce, Yaya. Kai ne Baba yanzu. Daidai wurin da yake zama za a ajiye ta, ba mai hawanta sai kai."

Kun ji abin da aka saye ni da shi. Ban taɓa mallakar kujera ba a rayuwata, kuma ban taɓa jin yaron nan ya ce ni ne Baba ba. Na zauna, na ɗora hannuwa biyu, na ji lallai an yi ta don ni. A nan, a gaban mai walda, na ba da dakalin ubana.

Dawowa kuwa ba a gaban mota na dawo ba. Aka loda kujerun a bayan a-kori-kura, aka ce sai an samu mai riƙe su kada fenti ya goge. Wa ya fi dacewa da wannan babban matsayi in ba sabon Baba ba? Tun daga Gusau har gida ina rungume da ƙafafun kujera, kowane rami na hanyar Anka sai da haƙarƙarina ya gaisa da shi. Shi kuma yana gaba a motarsa, shi da kalanda.

Da hannuna na sa diga na rushe dakalin. Inna ta leƙo daga zaure, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ubanku dai bai taɓa ƙirga baƙinai ba." Ta koma ciki. Aka share wuri, aka kewaye da waya, aka dasa ciyawar da aka ɗebo daga fadama, ni ne mai ban ruwa safe da yamma. Awaki suka yi murna da wannan ci gaba fiye da kowa. Aka jera kujeru, aka kafa laima a ƙarƙashin durumi, ina jin don kada inuwa ta dake mu.

Matarsa ta sauka lafiya, namiji, ɗan fari. A al'adarmu uban ɗan fari ba ya zama a taron suna. Kunya yake yi, ya ɓace tun asuba, ya tafi gona ko gidan aboki. Wansa ne ke tsayawa, shi ke tarbar mutane, shi ke raba goro, shi ke matsawa kusa da liman ya raɗa masa sunan a kunne. Ƙanena ya riga ya gaya mini sunan Baba za a mayar. Na ji daɗi har na yafe masa hanyar Anka.

Ranar suna na sa rigata ta salla, na zauna a kujerata, ƙwaryar goro a kan tebur. Mutane suka fara zuwa. Sai ga matsalar da Baturen kalanda bai gaya mana ba. Dattawa suka zo bakin waya suka tsaya, kowa na duban kowa. Kujera biyar, dattijo ya fi ashirin, wa zai hau ya bar wa a ƙasa? Liman ya ce a kawo tabarmi. Surukina, uban matata, wanda ya taso tun daga Gwashi da buzunsa, ya shimfiɗa shi a kan ciyawar gwamnati ya zauna. Sauran suka bi. Ni kuma ga ni a sama, surukina a ƙasa, abin da ko a mafarki bai kamata ba. Na yunƙura zan sauka, sai ya ɗaga mini hannu ba tare da ya dube ni ba, ya ce da liman, "A ce mishi shi zauna. Wurin ubanai na." Na zauna ina gumi, amma na ji girma, ba zan yi ƙarya ba.

Uban ɗan fari fa? Yana nan daram, da kwat da agogo, yana kai da komo. Kunya ba ta cikin abin da aka koyar a makarantarsu.

Rana ta ɗaga, rago na ɗaure, liman na duban inuwa, ana jiran manyan mutane. Sai ga motoci biyu. Mutum shida suka fito. Na ƙirga su, na ƙirga kujerun da suka rage, na ga ƙanena ma yana ƙirgawa. Suka ratsa ta tsakiyar dattawa da takalmansu, biyar suka zauna suka harɗe ƙafafu, tafin takalmin ɗaya yana kallon rawanin liman. Na shidan, shi ne ogan ƙanena, wani mai tumbi da baƙin tabarau, ya tsaya yana jujjuya makullin mota.

Ƙanena ya sunkuyo kaina. Bai ma rage murya ba. Ya ce, "Ɗan tashi mana."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na ce, "Mi kac ce?"

"Tashi ka ba Oga wuri."

Ba Yaya, ba komai. Ogan ya nuna ni da makulli ya yi tambaya da Turanci. Aji huɗu ba digiri ba ne, amma ya isa mutum ya gane an ce wane ne wannan. Ya kuma isa ya gane amsa. Ƙanena ya ce ni ne mai gadin gidan.

Na tashi. Har yau ina tambayar ƙafafuna dalilin da ya sa suka yi biyayya. Ogan ya zauna, kujerata ta yi ƙara, ya ɗora hannuwansa inda nake ɗora nawa. Sannan, don kada wani ya koma gida bai fahimta ba, ya fassara wa jama'a da Hausa tsantsa. Ya ce, "Maigadi, sannu da aiki. Ka sa mini ido a kan motar nan, kada yara su taɓa."

Na duba inda zan zauna, babu. Da dakali na nan, da na koma gefe an matsa mini. Ni na rushe shi. Ina tsaye a ƙofar gidan ubana da rigar salla, kamar wanda ya zo roƙon wuta.

Surukina ne ya fara motsi. Ya tashi, ya kaɗe buzunsa, ya ɗauki takalmansa a hannu, ya tsallaka hanya zuwa gindin tsamiyar masallaci, ya shimfiɗa ya zauna. Liman ya duba sama, ya duba ƙasa, ya ce ƙafarsa ta yi sanyi a kan ciyawar nan, ya bi shi. Ɗaya bayan ɗaya dattawa suka naɗe tabarminsu. Wanzami ya kwashe zabirarsa. Mahauci ya kwance rago ya ja. Ni ma na ɗauki ƙwaryar goro na bi su, aka buɗe mini wuri a tsakiya, a ƙasa.

Ƙanena ya biyo mu da sassarfa, kwat na kaɗawa. Ya durƙusa gaban liman ya ce, "Allah gafarta Malam, baƙi na jira can."

Liman ya ce, "Su jira. Mu wurin yayanka munka zo, shi ka ba mu suna. Kai kuma mi kake yi nan? Ba ɗanka na fari ba ne? Yau ko muryarka bai kamata a ji ba."

A gindin tsamiya na raɗa wa liman sunan Baba. Aka yi addu'a, aka shafa, aka yanka rago. Manyan mutane shida suna can hayin hanya a ƙarƙashin laima, suna kallonmu kamar Baturen kalanda, babu mai kai musu ko goro. Kafin azahar sun shiga motocinsu. Ban duba ko yara sun taɓa motar ba. Na yi sakaci da aikina.

Kada wani ya ce ai na ci nasara. Ban ci komai ba. Garinmu ba ya barin suna ya faɗi ƙasa. Tun daga ranar na zama Maigadi. A kasuwar Gummi, a wurin awon gyaɗa, har abokan wasana na Gwashi, sai ka ji an ce, "Maigadi, ina motar Oga?" In yi dariya, don in ka nuna ya yi maka zafi ka ƙara masa shekara goma. Surukina bai taɓa tayar da maganar ba har ya rasu, wannan shirun kuwa ya fi mini ciwo. Shi kuma ƙanena ya koma Sakkwato yana fushi, wai na kunyata shi a gaban manya. Ni ne ma mai laifi.

Da kaka ta yi na kwaɓa ƙasa na gina sabon dakali a ɗaya gefen zaure, wajen waya. Bai kai na Baba kyau ba, amma kafin ya bushe an fara zama. Lambun Bature kuwa, iskar ruwan farko ta ɗauke laima ta kai ta gonar maƙwabci. Ciyawa ta koma cikin awaki. Fenti ya ɓare, tsatsa ta fito. Da bazara in ganyen durumi ya zube, ƙarfen kan yi zafin da za a toya ƙwai a kai. Inna ta mai da teburin wurin shanya kuɓewa, kaji suka samu wurin kwana mai daraja. Ban taɓa ko ɗaya ba, ban kuma bari an ɗauke ba. Ai gadi aka ce in yi.

Bayan 'yan shekaru soja suka karɓi mulki, aka yi ta sallamar ma'aikata. Ogan ya tafi, ƙanena ya bi bayansa. Ya dawo gida babu mota, babu masinja, kwat ɗin ta yi masa yawa. Kullum da la'asar sai ya kori kaji ya zauna a cikin shingen wayarsa shi kaɗai, kujeru biyar na kewaye da shi, mu kuma muna gefe a kan dakali muna ta hira har magariba. Ba wanda ya hana shi zuwa. Ba kuma wanda ya je.

Abin da wannan lamari ya koya mini shi ne, kafin ka zaɓi abin zama a ƙofar gidanka, ka tambayi kanka me za a yi in mutum ɗaya ya ƙaru. A dakali matsawa ake yi. A kujera kuwa sai an zaɓi wanda za a tasa, kuma wanda ake tasarwa shi ne wanda aka tabbata ba zai yi faɗa ba, wato naka na jiki. Ya kuma koya mini in an ce maka kai ne Baba a gaban mai walda, ka jira ka ji ko za a maimaita a gaban Oga.

Wata rana da la'asar, dakali cike, sai muka ga ƙanena ya buɗe waya ya fito, ɗauke da babbar kujerar nan mai hannuwa. Ya goge ta, har ya ɗaura tsumma inda tsatsa ta ci. Ya dire ta a gabana, ya durƙusa, ya ce a hankali, "Yaya, ga kujerarka."

Kowa na jira in rungume shi. Na dube shi, na dubi kujerar, na ce:

"Ɗauke abarka ka mai da ita inda take, ka aje wa Oga, wataƙila yana hanya. In zama kake so, ga dakali. Ku matsa mishi. Nan ba a tashin mutum don wani ya zo, ko da wanda ya zo ɗin kai ne. Amma Yayan nan da ka faɗa a hankali, ban ji ba. Ranar da ka ce ni mai gadi ne, a tsaye ka faɗa, da Turanci, gaban surukina. To, miƙe tsaye ka faɗi wannan ma da ƙarfi. Ka faɗa da Turancin, ni zan fassara musu."